Snowden: Wace kalma ta dace a farkon tarihinsa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Na canza jimlar farko ta tarihin Edward Snowden da muke rubutawa a Wikipedia, kuma ina so in bayyana dalilina tun kafin wani ya mayar da ita. Jimlar da na tarar tana cewa: "Edward Snowden Ba'amurke ne mai fallasa ɓarnar gwamnati, wanda ya tona yadda hukumar NSA take leƙen asirin jama'a ba bisa ƙa'ida ba." Na maye gurbinta da wadda ta ce shi tsohon ma'aikacin kwangila ne na NSA, hukumar Amurka mai leƙen asirin sadarwa, wanda ya miƙa wa 'yan jarida takardun sirri a shekarar 2013. Jimlar farko ta riga ta yanke hukunci a kan abin da har yau ake jayayya a kansa, domin gwamnatin Amurka tana tuhumar mutumin da satar kayan gwamnati da kuma laifuka biyu a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, kuma babu kotun da ta saurari wannan tuhuma ballantana ta wanke shi. Wanda ya buɗe maƙalar ba ra'ayinmu ya zo nema ba.

Malama Hadiza:
Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Ni na rubuta jimlar da ka cire, kuma ban rubuta ta da ka ba. A watan Mayu na 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta yanke cewa sashe na 215 na dokar Patriot ta yaƙi da ta'addanci bai ba NSA izinin tattara bayanan kiran wayar Amurkawa baki ɗaya ba. Wata guda bayan haka majalisar dokoki ta zartar da dokar USA Freedom wadda ta kawo ƙarshen shirin a yadda yake. A watan Satumba na 2020 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta sake cewa shirin ya saɓa wa doka. Jaridun Guardian da Washington Post, waɗanda suka wallafa takardun, sun sami lambar yabo ta Pulitzer a 2014. Idan kotuna biyu sun ce abin da mutum ya bayyana haramtacce ne, ta yaya faɗin haka zai zama ra'ayina? Jimlarka kuwa, da take kamar ba ta ɗauki ɓangare ba, ta ɓoye wa mai karatu dalilin da ya sa duniya ta san sunan Snowden. Tana iya dacewa da duk wani ma'aikacin da ya kwashi takardun ofis ya ba ɗan jarida.

Malam Nasiru:
Ban musa ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan ba, Malama, kuma ina so su shiga maƙalar tun daga sakin layi na farko. Sai dai kotunan sun yi hukunci ne a kan shiri guda, wato tattara lambobin da aka kira da lokacin kira da tsawonsa, wanda umarnin kotu da aka ba kamfanin waya na Verizon ya fara bayyanawa a watan Yuni na 2013. Takardun da Snowden ya fitar sun zarce wannan nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai shirin PRISM na tattara bayanai daga kamfanonin intanet, da shirin Tempora na GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, da batun sauraron wayar shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, wanda ya fito a watan Oktoba na wannan shekarar. Leƙen asirin shugabannin ƙasashen waje abin kunya ne idan ya fito fili, amma aikin da aka kafa NSA dominsa ke nan, kuma masu sukar Snowden a nan suke kafa hujjarsu. Idan muka ɗauki hukuncin da aka yi wa shiri ɗaya muka lulluɓe dukan abin da ya yi da shi, mun haɗa majiyoyi mun fitar da sakamakon da babu majiyar da ta faɗa, kuma ƙa'idar Wikipedia ta hana wannan ƙarara.

Malam Bashir:
Ku ba ni dama in sa baki, domin ina ganin rabin rigimar nan ta harshe ce. Ko a can Amurka an yi irin wannan gardama: a watan Yuni na 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci ma'aikatansa da su kira shi mai fitar da bayanan sirri, su guji kalmar da take nufin mai fallasa laifi, har sai an tabbatar da laifin. Mu kuma matsalarmu ta fi tasu, saboda kalmominmu sun fi nauyi. Idan muka ce "ya tona asiri", kunnen Bahaushe zai ji zargi, domin tonon asiri ba abin yabo ba ne a wajenmu, ko da wanda aka tona wa mai laifi ne. Idan muka ce "ya fallasa", mun nuna cewa akwai abin kunya da aka ɓoye, wato mun tsaya a bayansa. "Ya kwarmata" ita ce kafafen labarai na Hausa suka fi amfani da ita, kuma ta fi sauran sauƙi, ko da yake tana ɗauke da ɗan ƙamshin surutu, kamar wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Ni a ganina "ya fitar" ko "ya miƙa" su ne kaɗai ba su jingina ga kowa ba. Sauran sai a sa su a bakin masu faɗinsu.

Amma abin da ya fi damuna yana sakin layi na huɗu, inda aka rubuta cewa ya kwashe takardu miliyan 1.7, ba tare da an ce wa ya faɗa ba. Wannan adadi daga jami'an gwamnatin Amurka ya fito. Shugaban NSA na lokacin, Janar Keith Alexander, ya taɓa cewa takardun da suka isa hannun 'yan jarida tsakanin 50,000 ne zuwa 200,000. Kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilai ya ce miliyan 1.5 a rahotonsa na 2016. Snowden kansa ya ƙaryata manyan adadin. Kuma akwai bambanci tsakanin takardun da mutum ya buɗe a kwamfuta, da waɗanda ya kwafa, da waɗanda ya ba wani. Mun ɗauki adadi mafi girma, daga bakin wanda yake tuhumarsa, mun rubuta shi kamar ranar haihuwa.

Malama Hadiza:
Allah ya saka da alheri, Malam Bashir. Ka ga abin da nake nufi: ana tsananta bincike a kan kalmar da ta yi wa Snowden daɗi, amma adadin da ya fito daga masu farautarsa ya kwana wata uku a maƙalar babu wanda ya ɗaga gira.

Malam Nasiru:
Wannan gyara ne na gaskiya, kuma na karɓa. Ban lura da adadin ba, laifina ne.

Alhaji Garba:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in tunatar da ku, musamman ƙannena da suka shigo aikin nan daga baya, dalilin da ya sa ake tsaurara wa tarihin mutanen da suke raye. A shekarar 2005 wani ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin ɗan jarida John Seigenthaler da hannu a kisan Shugaban Amurka John Kennedy da ɗan'uwansa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna kimanin wata huɗu kafin a cire, kuma wasu shafuka sun riga sun kwafe ta. Bayan wannan abin kunya ne aka tsaurara ƙa'idar tarihin rayayyu. Snowden yana raye, haka ma jami'an da ake ambata a tarihinsa, saboda haka ƙa'idar tana kare kowa da kowa.

Na faɗi haka ne saboda na ga wurare biyu da suke buƙatar hannu. Na farko, an ɗauko daga rahoton kwamitin majalisar na 2016 cewa Snowden mutum ne mai yawan zuzuta magana da ƙirƙirar labari, aka sa shi a sashen rayuwarsa ta farko kamar wata siffa da aka haife shi da ita. Rahoton hukuma ne, ya cancanci a ambace shi, amma kwamitin da yake sa ido a kan hukumomin leƙen asiri ba ɗan kallo ba ne a wannan rigima, kuma Barton Gellman, ɗaya daga cikin 'yan jaridar da suka karɓi takardun, ya fito ya ƙalubalanci rahoton. Dole a ce kwamitin ne ya faɗa, a kawo martanin kusa da shi. Na biyu, kusan duk abin da muka rubuta a kan dalilansa daga littafin tarihin kansa na 2019 muka ɗauko. Mutum shaida ne a kan abin da ya ce yana ransa, amma ba ya zama shaida a kan abin da ya faru a ofis tsakaninsa da wasu. Ya ce ya kai kokensa ga shugabanninsa kafin ya nemi 'yan jarida. NSA ta ce saƙo ɗaya kawai ta samu, na watan Afrilu na 2013, wanda ta fitar a watan Mayu na 2014, kuma tambaya ce a kan matsayin umarnin shugaban ƙasa idan aka gwada shi da dokar majalisa. Shi kuma ya ce akwai wasu saƙonnin da ba a fitar ba. Mu ba mu da hanyar raba wannan gardama, saboda haka mu ajiye maganganun biyu gefe da gefe, kowace da sunan mai ita.

Malama Hadiza:
Ranka ya daɗe, na yarda da duka biyun, sai dai ina tsoron wani abu. Idan kowace jimla ta koma "wane ya ce, wane ya musa", sai mai karatu ya ɗauka komai na maƙalar zato ne, alhali wasu abubuwan sun tabbata. A watan Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi daraktan leƙen asiri na ƙasa, James Clapper, ko NSA tana tattara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa, ya amsa cewa a'a, ba da gangan ba. Wata uku bayan haka takardun suka nuna akasin hakan, kuma shi kansa ya rubuta wa majalisa cewa amsarsa kuskure ce. Wannan ba ya buƙatar "a cewar Snowden". Haka kuma jimlar da ta ce "ya gudu zuwa Rasha" tana buƙatar gyara. Daga Hawaii Hong Kong ya tafi a watan Mayu. Ya sauka a Moscow ranar 23 ga Yuni, Amurka ta soke fasfonsa, ya shafe kusan kwana 40 a filin jirgin Sheremetyevo kafin a ba shi mafaka ta shekara guda ranar 1 ga Agusta. Kalmar "gudu zuwa" tana sa a ji kamar can ya nufa tun farko.

Malam Nasiru:
A kan Clapper ba mu da saɓani, a rubuta shi kai tsaye. A kan Rasha kuwa, soke fasfon da zaman filin jirgi tabbatattu ne, amma cewa Latin Amurka ya nufa, Moscow zango ce kawai, daga shi da waɗanda suka taimaka masa muka ji, don haka a jingina musu. Kuma kada tausayi ya sa mu tsallake abin da ya biyo baya: ya sami izinin zama na dindindin a 2020, sannan Shugaba Putin ya ba shi shaidar zama ɗan ƙasa a watan Satumba na 2022. Na lura an tura wannan can ƙarshen maƙalar, alhali a tarihin kowane mutum ƙasar da yake ɗauke da takardarta tana zuwa ne a farko.

Malam Bashir:
To ga abin da nake ba da shawara a matsayin buɗewa: "Edward Snowden, wanda aka haifa ranar 21 ga Yuni, 1983, tsohon ma'aikacin CIA ne kuma tsohon ma'aikacin kwangila na NSA, wanda a 2013 ya miƙa wa 'yan jarida takardun sirri da suka bayyana shirye-shiryen sa ido a kan sadarwar jama'a. Daga baya kotunan ɗaukaka ƙara biyu sun yanke cewa ɗaya daga cikin shirye-shiryen ya saɓa wa doka. Gwamnatin Amurka tana tuhumarsa a ƙarƙashin dokar leƙen asiri, kuma yana zaune a Rasha tun 2013, inda ya zama ɗan ƙasa a 2022. Magoya bayansa suna kiransa mai fallasa ɓarna, masu sukarsa kuma suna kiransa maci amanar ƙasa."

Malama Hadiza:
Na amince da jimloli ukun farko. Ta huɗun ce ban gamsu da ita ba, domin ta ɗora kalmomin biyu a kan sikeli ɗaya. Cin amanar ƙasa laifi ne da kundin tsarin mulkin Amurka ya fayyace ma'anarsa, kuma ba a tuhumi Snowden da shi ba, ko da yake wasu 'yan siyasa sun jefe shi da kalmar. "Mai fallasa" kuwa manyan jaridu da dama suna kiransa da ita a cikin labaransu, ba a shafin ra'ayi kaɗai ba. Ba zan taɓa jimlar ba yanzu, amma ina neman a ƙara cewa ba a tuhume shi da cin amanar ƙasa ba, kuma a ambaci sunan aƙalla mutum ɗaya da ya kira shi haka, maimakon "masu sukarsa" da ba su da fuska.

Alhaji Garba:
Buƙatarki tana kan hanya, Malama, kuma ta shafi ɗaya ɓangaren ma: "magoya bayansa" su ma a ba su suna, kuma Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun Pentagon, wato takardun sirri na ma'aikatar tsaron Amurka a kan yaƙin Vietnam, a 1971, ya fito fili ya goyi bayansa. Malam Bashir ya sa jimloli ukun farko yau, ya gyara adadin takardun. Ta huɗun a bar ta a nan har Malama Hadiza da Malam Nasiru su kawo majiyoyinsu, kowa da ranar da aka wallafa tasa.

Malam Nasiru:
Na ji, Alhaji. Zan kawo nawa kafin Juma'a, in Allah ya so, amma ina sanar da Malama tun yanzu cewa zan ƙirga jaridun da suka guji kalmar kamar yadda za ta ƙirga waɗanda suka yi amfani da ita.