"Baƙo raɓa, ɗan gari kaba": har yaushe mutum yake zama baƙo?

Jikar Hajja: Assalamu alaikum. Jiya muka yi sadakar bakwai ta kakata. Ana cikin zaman makoki wata maƙwabciya ta ce, "Allah sarki, baƙo raɓa." Maganar ta tsaya min a rai. Hajja ta baro Injamena, babban birnin Chadi, a 1980, lokacin da mayaƙan Goukouni Oueddei da na Hissène Habré suka mai da birnin fagen fama. A kwale-kwale ta tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, babana a goye, kwalla ɗaya a ka. Daga baya ta biyo ta Gamboru zuwa Maiduguri. Da turaren wuta da humra ta aurar da 'ya'ya uku, har ta sayi fili. Shin wannan karin maganar ta dace da ita, ko gori aka yi mana?

Malamin Hausa: Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. 'Yata, ki duba abubuwa biyun da aka gwama. Raɓa da asuba take sauka, rana na ɗagawa ta bushe. Kaba kuwa ko an sare ta an yi tabarma da igiya, saiwarta na ƙasa, baɗi za ta sake tohowa. Yawanci ɗan gari ake ja wa kunne da ita: kada ka ɓata da maƙwabcinka saboda wanda gobe zai ɗaure kayansa. Ba zagi ba ne.

Ɗan Zangon Kumasi: Malam, a bakin mai gida ne ba zagi ba. Kakana a Kumasi aka haife shi, amma da gwamnatin Firayim Minista Busia ta Ghana ta kafa dokar korar baƙi a 1969, mako biyu aka ba marasa takarda su fice. Mutanen da suka shekara talatin a zango rana ɗaya suka koma raɓa. Mu da muka ji daga bakinsu mun san zafinta.

Jikar Hajja: Ita ma ta ga irin wannan. Da Shagari ya kori baƙi a 1983, wata tsohuwa Babarbariya ce ta ɓoye ta a ɗakinta, duk wanda ya tambaya sai ta ce ƙanwarta ce.

Manomi daga Gumel: Ni kam ban ga abin raini a raɓa ba. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, da me wake yake ƙarasa nuna? Ku tambayi kowane manomi. Wanda ya ce maka raɓa bai ce ba ka da amfani ba, ya dai ce ba ka daɗewa.

Uwar Biyu: To ai nan ne matsalar, Baba. Matar da ta fi shekara arba'in a unguwa, ta yi wa rabin amaren layin turare, ita ce ba ta daɗe ba? Maƙwabciyar nan ta yi kuskuren wuri. Wa ma ba raɓa ba ne a gidan mutuwa?

Malamin Hausa: Wataƙila ma abin da take nufi ke nan, cewa duk baƙi muke a duniya. Amma na yarda, da haka take nufi da ba ta ɗauko wadda rabinta ke cewa "ɗan gari kaba" ba. Sai dai ina da tambaya: ita marigayiyar, me take kiran kanta?

Jikar Hajja: Malam, ka kama ni. Ita ma takan faɗa. Idan rigimar unguwa ta tashi aka zo neman ta sa baki, sai ta ce, "Ni raɓa ce, ku kaba ku sasanta," alhali a tsakar gidanta za a yi sulhun, da shayinta. Har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba, in ranta ya ɓaci da Larabcin Chadi take faɗa. Kuma ba ta cewa Injamena, sai Forlami, sunan da aka sauya tun 1973.

Ɗan Zangon Kumasi: Wannan dabarar baƙo ce. Ka riga su faɗa, sai bakinsu ya mutu.

Uwar Biyu: Ko kuma zuciyarta ce ba ta taɓa sauke kaya ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, an ce, amma ba a ce gida ya fita daga ransa ba. Ba ta taɓa neman komawa ba?

Jikar Hajja: Sau ɗaya babana ya kai ta. Kwana huɗu ta yi ta ce a mai da ita, wai sauron can ya fi na Maiduguri cizo, kuma ta bar turare a kan wuta. Da muka buɗe kwallar nan shekaranjiya, mun tarar da tsofaffin takardun sefa a ƙasa, takardar filinta a sama. A maƙabartar Gwange aka binne ta, inda tsohuwar da ta ɓoye ta take kwance.