Katinka Yana Ina? Musayar Waƙa Tsakanin Hausawan Ikko

Malamin Dare, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan 'yan majalisa sun cika mana kunne: wannan zai taimaki matasa su yi rajistar zaɓe, wancan zai tsaya wa masu ciwon daji, wani kuma ya ce aikin unguwa ne a gabansa. Mu auna zancen da waƙa. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Wanda ya karya, shayi a kansa.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Tsira ga Manzo, jagoran kowa.

A 2018 Buhari ya sa hannu,
Dokar matasa ta samu wucewa.

Ɗan 25 ya isa majalisa,
Da can sai 30 ake dubawa.

Shugaban ƙasa daga 40 ya sauko,
Da 35 yanzu ake tsayawa.

Miliyan 7 ke da rajista a Legas,
Babu jihar da ta kai ta yawa.

Ran zaɓen 2023 da aka ƙirga,
Ko miliyan 2 ba su samu fitowa.

An buɗe ƙofa, samarin Ikko,
Me ya tsare ku bakin shigowa?

Tsohon Ɗan Acaɓa, Mile 12

Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma ba lalaci ba ne.

Malam, ka tambaya, ga amsata,
Katina na nan, ina adanawa.

Sai dai rumfata tana Jigawa,
Can na yi shi tun kafin tahowa.

Kuɗin mota zuwa da dawowa
Ya cinye ribar wata a kasuwa.

In bar buhun albasa a rana
Don ƙuri'a ɗaya? Ba na iyawa.

A 2022 aka hana babur,
Ikeja, Apapa, ba wurin ratsawa.

Ba wanda ya zo ya ce, ku samari,
Me za ku ci bayan kamawa?

Hajiya Mai Atamfa, Obalende

Ku dakata, maza, ku ba ni hanya,
Nawa ciwon ya fi na jefawa.

Ƙanwata ta ji ƙullutu a mama,
Ta yi shiru, kunya ke hanawa.

Wasu suka ce sammu, wasu iska,
Aka bi ta da hayaƙi da shafawa.

Sai da ya fashe muka je asibiti,
Likita ya ce, me ya hana ku zuwa?

Aka yanki tsoka aka kai gwaji,
Muka sha zaryar zuwa karɓowa.

Kemo, maganin daji, ya kwashe gashin kanta,
Ɗankwali biyu take ɗaurawa.

Tuwo ba ya zama a cikinta,
Koko kaɗai take kurɓawa.

'Yan kunnena da sarƙar aure,
Na kai su sikeli an yi aunawa.

Ran da layin gasa dajin da inji ya zo kanmu,
Aka ce inji na jiran gyarawa.

Ɗan majalisa ya aiko shinkafa,
Hotonsa a buhu yana murmusawa.

Mun ci, mun gode, Allah ya saka,
Amma shinkafa ba ta warkarwa.

Malamin Dare, Agege

Subhanallah. Allah ya tashi kafaɗunta, Hajiya. Anti Nas, wannan fagenki ne.

Anti Nas, Idi-Araba

Sannu Hajiya, Allah ya sa kaffara ne. Ni ba gwanar waƙa ba ce, a yi haƙuri da gurguwar ƙafa.

Fiye da mutum 120,000
Duk shekara a ƙasar nan ke kamuwa.

Da yawansu sai ciwo ya ci jiki
Sannan a kawo su ana rirriƙewa.

Nan unguwarmu a 2019
Aka buɗe cibiyar daji sabuwa.

Dokar NICRAT, hukumar binciken daji, tun 2017,
Sai 2023 ta fara motsawa.

Akwai asusun tarayya na masu daji,
Mama, mahaifa, da na maza ake tallafawa.

Asibiti shida aka soma da su,
Zariya da Gombe suna cikin jerawa,

Abuja, Benin, Ibadan, Inugu,
Legas ba ta cikin na farawa.

A Abuja, 2001, aka yi alkawari,
Kashi 15 lafiya za a bai wa.

Majalisa ke amincewa da kasafi,
Na tarayya har yau bai taɓa kaiwa.

Can nake son ganin ɗan majalisa,
Ya tsaya kan inji da mai kunnawa.

Sannan iyaye, ga wata kyauta,
Tun Oktoban 2023 ake bayarwa:

Allurar hana dajin bakin mahaifa,
'Yar 9 zuwa 14 ake yi wa.

Allura ɗaya ce, ba ko kwabo,
Ƙarya ne, ba ta hana haihuwa.

Baba Mai Shanu, Oko-Oba

Ku yara, ku saurari dattijo,
Na ga zaɓen Shagari, na ga na Abiola.

Baƙo raɓa ne, in ji magabata,
Mu yi nema, mu koma gida da Sallah.

Ran zaɓe in rigima ta tashi,
Kan baƙo ake sauke wahala.

Kati a gida, ƙuri'a a gida,
Siyasar Ikko ba tamu ba ce, wallah.

Malamin Dare, Agege

Baba ya zo da "la" inda aka ce "wa". Shayi da burodin Agege, kuma mai kauri. Ban yarda da zancenka ba Baba, amma bari jikarka ta amsa, na ga tana ta rubutu.

'Yar Zango, Agege

Baba, na durƙusa, a gafarce ni,
Raɓar nan ta daɗe ba ta bushewa.

A Agege aka yanke cibiyata,
Kakana ma nan aka yi binnewa.

Da Yarbanci nake cinikin barkono,
Da Hausa nake gaida uwa.

Kwatar layinmu, in hadari ya sauka,
Har ƙarƙashin gado take kaiwa.

Mu ɗora katifa bisa kan tebur,
Mu kwana tsaye muna kwalfewa.

Wakilin da Baba ya zaɓa a Arewa
Bai san layin ba, balle yashewa.

Kujeru 40 ne a majalisar jiha, Alausa,
24 Abuja muke turawa.

Wanda ya san akwatinka ba ya nan,
Ina dalilinsa na kulawa?

INEC na sauya wa mutum rumfa,
Lokacin rajista, kyauta ake sauyawa.

Yaya na Mile 12, mai da naka Kosofe,
Inda kake kwana kake tasowa.

Su kuma masu cewa suna son matasa,
Ga ɗan aiki mai sauƙin gwadawa:

Su nemi a kai rajista bakin kasuwa,
Ɗan dako ya yi tsakanin saukewa.

Taron CDA, ƙungiyar raya gari, Baba, mu riƙa zuwa,
Can ake jera buƙatun unguwa.

Baba Mai Shanu, Oko-Oba

Yarinyar nan bakinta ya fi na uwarta kaifi. Na ji, amma nawa katin yana nan inda yake. Ku da aka haifa a nan ku gwada mu gani.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Mile 12

Ƙanwata, kin kama ni da hujja,
In an buɗe rajista zan yi leƙawa.

Yatsana ya side da dakon buhu,
Na'ura ba lallai ta yi ganewa.

An ce BVAS, na'urar tantancewa, na duba fuska,
To ga ta nan, ba ta canzawa.

Amma in na sauya, na bi layi,
Aka zo da sanda ana korawa,

Zan dawo nan in kira sunanki,
Ke da Malam za ku yi amsawa.

Malamin Dare, Agege

Na ɗauka. Tare za mu je, in an kore ka a kore mu.

Hajiya Mai Atamfa, Obalende

Anti, jikokina mata biyu duk shekarunsu sun kai na allurar nan. Ni na yarda, ubansu ne ya ji wani saƙon murya a WhatsApp ya kafe. Ki rubuto min baiti biyu in karanta masa bayan isha'i.

Anti Nas, Idi-Araba

To Hajiya, bari in sauka daga aikin dare. In baitin bai ci shi ba, ki ba shi waya mu yi magana.