Muhawara: Wai a Damagaram babu marar gida?

Ɗan Birni: Ni dai ban yarda ba. A garin nan mutum ba ya rasa makwanci. Ko baƙo ne ya sauka, ga zaure, ga masallaci. Wanda ka gani kwance a tasha, ko ƙwaya ce ta kai shi, ko iyayensa ya guje wa.

Mai kabu-kabu: Yaya, fito ƙarfe 3 na dare ka zagaya kasuwar Dole. Za ka ga mutane a ƙarƙashin rumfuna, kowa bisa kwalinsa, har cikin hunturu. Da yawa na san su, ƴan cin rani ne daga wajen Mirya da Tanut. Hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin bazara, suka shigo dako da tura ruwa. Abin da suka samu gida suke aikawa, da me za su kama haya?

Ɗan Birni: To ai ka faɗa da bakinka, suna da gida a ƙauye. Damina na sauka za su koma.

Malama daga Zango: Wasu su koma, ɗan'uwa, wasu babu abin komawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta har ba ta ciyar da kowa. Ka tuna Oktoban 2013: mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hamada kan hanyar Aljeriya. Mace ba ta saɓa goyo ta nufi Sahara in gidan da ta baro yana riƙe da ita.

Kuma ba baƙi kaɗai ba ne. A daminar 2024 tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ruwa ya kayar da shi. Ina ga ɗakin ƙasa na gwauruwa? Maƙwabciyata ɗakunanta biyu suka zube a dare ɗaya. Aka ajiye ta da ƴaƴanta a wata makaranta, da aka koma karatu aka ce su tashi. Wallahi har yau a kangon wani take, ta kafa zana.

Baba Alhaji: Ƴaƴana, kun manta almajirai. Yaro ɗan shekara bakwai yana kwana a bakin shago, ubansa na can Magarya, malaminsa bai da ɗakin da zai ɗauke su duka. In ba marar gida ba ne, me za mu kira shi?

Ɗan Birni: Baba, na ji, maganar almajirai ba ni da ja. Kuma gaskiya zauren da nake faɗa, namu ma tun bara muka fasa shi shago muka ba da haya. Amma kan ƴan tasha ina nan a bakata, akwai masu ƙwaya a cikinsu.

Mai kabu-kabu: Akwai su. Zo daren Alhamis in ɗauke ka, mu tambaye su wanne ya riga wani, ƙwayar ko kwanan waje.