Kukan kunne da tsikarin jijiya: ku taya ni zaɓen kalma

1/ Jama'a, ina rubuta bayani a kan tinitus, wato ƙarar da mutum ke ji a kunnensa alhali babu wani sauti daga waje, kalma biyu sun tsaya mini. Ta farko sunan ciwon kansa. Baffana ya yi shekaru yana aikin injin niƙa. Yanzu ba ya iya barci sai ya ajiye rediyo kusa da matashi tana magana ƙasa-ƙasa, don da gari ya yi tsit sai ya ce gyare ya shiga kansa ya ƙi fita.

2/ Wani malami ya ba ni "ƙugin kunne". Malam, Allah ya ƙara basira, amma ƙugi na hadari ne da babbar mota, alhali da yawa siririn fito suke ji. Baffa kuwa cewa yake "kunnena na kuka". Na ɗauki tasa: kukan kunne. Idan ya haura wata 6, kukan kunne mai naci.

3/ Ta biyun ce mai wuya, wato maganin da Turawa ke kira neuromodulation. Akwai na'urar Lenire da wani kamfani na Dublin a ƙasar Ireland ya ƙera, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Maris 2023. Mutum zai sa abin sauraro yana jin wasu sautuka, ya ɗora ɗan ƙaramin abu a bakin harshensa mai sakin lantarki kaɗan-kaɗan, minti 30 sau biyu a rana. A Jami'ar Michigan, wata mai bincike, Susan Shore, ta gwada irin wannan a kumatu ko wuya. Dalilin shi ne saƙon taɓi daga fuska da saƙon ji suna haɗuwa wuri ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa. Idan aka jera su tare, ana sa ran jijiyoyin da ke ƙirƙirar ƙarar su lafa.

4/ An ce "jona wuta". Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. Duk wanda wayar lantarki ta taɓa ja zai gudu, kuma abin bai kai nan ba, ɗan tsattsaki ne kamar na lemon kwalba a harshe. "Zaburar da jijiya" ma ta yi ƙarfi, doki ake zabura. Tsikari ya fi dacewa: taɓawa kaɗan, a kai a kai, har abu ya motsa.

5/ Wata Hajiya ma'aikaciyar jinya ta ce jijiya a wurinmu har ta jini ce, kada a zaci allura. Hajiya, gaskiyarki. A farkon bayani zan ce jijiyar saƙo, daga nan in ci gaba da "tsikarin jijiya haɗe da sauti". Ba kuma zan rubuta waraka ba, sauƙi zan rubuta, don rage damuwar yake yi, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba.

6/ Na karanta wa Baffa jiya bayan isha'i. Bai tambayi ma'anar kalma ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai: "To, nawa ne kuɗinta?"