Mun ɗauki kofi, amma shirin sabuwar kaka na neman gagarar mu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin masu tafiyar da wata ƙungiyar ƙwararru da ta lashe lig a kakar da ta wuce. Saura mako shida a fara sabuwar kaka, ga kuma gasar nahiya da za mu shiga karon farko. An saye ɗan wasan tsakiyarmu mai tare baya. 'Yan wasa biyar sun je wa ƙasashensu wasa, hutun kwana goma kawai suka samu. Ba a gama biyan garaɓasar cin kofi ba, mutum uku kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsu ya ƙare. Masu ɗaukar nauyinmu suna son wasan sada zumunta bakwai, koci kuma ya ce atisaye sau biyu a rana tun daga ranar farko. Ta ina za mu fara?

Mai horar da ƙarfin jiki: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ka fara da mutum biyar ɗin nan, don su ne za su fara zubewa. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, tana neman a ba ɗan wasa hutun aƙalla kwana 28 tsakanin kaka da kaka. Idan hakan ba zai samu ba, ku cika musu ya kai mako uku, ko da wasan farko na lig zai same su a benci. Wanda ya buga wasa har ƙarshen wata ai bai rasa juriya ba, gajiya ce ta taru masa a tsoka da jijiya. In kuka haɗa shi da wanda ya huta wata guda a atisaye ɗaya, kafin mako na uku za ku ji ana maganar tsokar bayan cinya da matsematsi.

Ku raba 'yan wasan gida biyu. Waɗanda suka huta sosai, makon farko atisaye sau ɗaya a rana, da ƙwallo, a faffadan fili. Sau biyu a rana sai mako na biyu da na uku, shi ma kada ya wuce kwana biyu ko uku a mako, kuma na yamma ya zama na dabara ko ɗaga ƙarfe, kada ya zama gudu a kan gudu. Abin da ke yaga tsoka shi ne nauyin atisaye da aka ninka rana ɗaya. Gudu na iya ƙarfi kuwa kada a ajiye shi sai ranar wasa: daga mako na biyu a riƙa yin mita 30 zuwa 40, sau huɗu zuwa shida, da cikakken hutu a tsakani. Ku sa atisayen Nordic, wanda ɗan wasa ke durƙusawa a riƙe masa idon sawu ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali. Bincike ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. A fara da kaɗan, kamar biyar sau biyu, don yana sa ciwon jiki sosai a farko.

Tsohon sakataren ƙungiya: Duk abin da malam ya faɗa daidai ne, amma ni a wurina kuɗi ne kan gaba. Ɗan wasan da yake bin bashin garaɓasa jikinsa kawai ke fili. A zauna da kyaftin da manyan 'yan wasa biyu kafin a shiga sansani, a rubuta nawa ya rage da ranar da za a biya, shugaba ya sa hannu. Ko kashi biyu za a yi babu laifi, muddin ranar ta zo aka cika. Sannan a kammala tsarin garaɓasar sabuwar kaka yanzu, har da ta gasar nahiya, kada a bari sai daren wasa.

Mutum ukun nan kuwa, a dokar FIFA da zarar saura wata shida ɗan wasa na da damar sa hannu da wata ƙungiya, ku tashi babu ko sisi. Don haka kafin a rufe kasuwa ku yanke: ko sabuntawa ko sayarwa. A kula da ƙarin albashi, domin in aka ninka wa mutum ɗaya, gobe wakilan sauran goma suna bakin ofis.

Mai nazarin wasa: Wanda aka saye ɗin nan ya fi damuna. Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016, ɗan wasan tsakiyarta N'Golo Kanté ya koma Chelsea a bazarar shekarar, Leicester ta ƙare kaka ta gaba a mataki na 12, aka kuma sallami kocinta Ranieri a Fabrairun 2017. Napoli ta ci Serie A a 2023, kocinta Spalletti ya tafi, mai tsaron baya Kim Min-jae ya koma Bayern, Napoli ta ƙare kaka ta gaba a ta 10. Kada ku tsaya neman mai kama da shi sak, da wuya a samu. Ku kalli bidiyon wasanninku goma na ƙarshe ku ga wane aiki yake yi: ƙwace ƙwallo ne, ko rufe gurbin mai tsaron baya na gefe idan ya hau, ko karɓar ƙwallo daga hannun gola. Wataƙila sai mutum biyu za su raba aikin, ma'ana a koma 'yan tsakiya uku. Kuma ku sani bana kowa zai ja baya ya jira ku. In nasararku ta bara daga harin ba-zata ta fito, filin nan ba za a sake ba ku shi ba, sai ku ware lokaci kan fasa cunkoso da bugun kusurwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To wasannin sada zumunta bakwai ɗin fa? Kuɗinsu muke sa ran cike giɓi da shi.

Likitan ƙungiya: Ranka ya daɗe, bakwai a mako shida ya yi yawa, musamman in da doguwar tafiya. Huɗu ko biyar sun isa, na farko bayan kwana goma zuwa sha huɗu da fara atisaye. Mintunan kowa su hau a hankali: 45, sai 60, sai 75, sannan 90 a na ƙarshe, wanda ya kamata ya kasance mako guda kafin lig. Kada ɗan wasa ɗaya ya buga wasa biyu ba a samu awa 72 a tsakani ba. In yarjejeniya ta tilasta bakwai, matasa da sabbin zuwa su ɗauki biyu, a kuma duba kada takardar ta ɗaure ku da adadin mintunan da taurari za su buga.

Kwana biyun farko kuma na gwaji ne: zuciya, jini, nauyi, gwajin juriya na Yo-Yo (gudun kai-da-komowa da ake ƙara wa sauri), da duk wanda ya ƙarasa bara da allurar kashe zafi, don irinsu kan ɓoye ciwo lokacin da kofi ke gaba. A riƙa auna nauyin 'yan wasa kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu a mayar da shi da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, wanda kuma ya rasa sama da kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a rage masa aikin yamma.