"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": wa ya kamata a faɗa wa?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar nan ta tsaya mini a rai tun ranar Litinin. Ina aiki a sashen biyan diyya na wani babban kamfanin inshora, reshen Kano. Da na fara mu 7 ne a sashen, yau mu 3 muka rage. Biyu sun ajiye aiki, an mayar da ɗaya hedikwata a Legas, ɗaya kuma kwantiraginta ya ƙare, kuma ba a maye gurbin kowa ba. Tun da 'yan sanda suka fara kamen inshorar mota ranar 1 ga Fabrairu 2025 takardu suka yi ta taruwa, don wanda ya biya naira 15,000 ya san ana iya biyan ɓarnar da ya yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, ba zai yi shiru ba. Da muka kai kuka, manajanmu ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya ƙara awa biyu, Asabar ma a fito." Don Allah haka ake amfani da ita?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga kuskurensa ba. Ma'anarta haɗin kai, shi kuma haɗin kai ya nema. Ki tuna shi ma akwai na sama da shi da ke matsa masa.

Malam na Gumel: 'Yata, bari in gaya miki yadda ake ɗaukar jinka, don na ɗauka da hannuna ina saurayi, yaran birni kuwa a baki kawai suka san ta. A ƙasa ake haɗa tsaiko, a ɗaure shi, a baibaye shi da shuci. In an gama sai mai ɗaki ya bi maƙwabta gida gida yana kira. Maza su kewaye ta, kowa ya kama gefensa, a ɗaga lokaci guda a ɗora a kan katanga. Idan gefe ɗaya ya rasa mutum jinkar karkacewa take yi, nauyin ya koma kan na kusa, kuma na ga wanda ya yi wata yana jinyar baya saboda haka. Ban taɓa jin an ce wa mutum uku su ƙara ƙarfi su ɗaga ta mutum bakwai ba. Jira ake yi hannu ya cika. Kiran mutane kuwa aikin mai ɗaki ne. Saboda haka maganar da manajanku ya yi, ku ya kamata ku faɗa masa, shi kuma ya kai ta Legas.

Ɗan Fagge: Malam, na karɓi gyara a kan asalinta. Amma karin magana ba ta zama inda aka haife ta. Yau ana faɗar ta a masallaci in ana neman gudummawa, ba wanda yake ƙirga hannu.

Malam na Gumel: Ai a masallacin ma ƙarin hannu ake nema, ɗana. Ba a ce wanda ya ba da ɗari ya sake ba da dubu sauran su zauna.

Anti Bilki: Ni na yi shekara 9 a irin kujerarki kafin in bari, kuma wadda ta fi dacewa da mu ita ce "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." A ƙarshen shekara a yi walima a yaba wa masu kawo kwastomomi, mu da ke fuskantar mutumin da shagonsa ya ƙone ba mai tuna mu. Akwai wata kuma: zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A Legas ake jinkirta sa hannu, ke ake zagi a waya. Ban ga laifin masu zagin ba, wallahi, wanda jarinsa ya zama toka ba ya jin bayani. Amma ki lura da jikinki ƙanwata. Ni na fara da ciwon kai da yamma, sai barci ya ƙi, sai na wayi gari ina jin haushin mai neman haƙƙinsa tun kafin ya buɗe baki. Ranar da na gane tausayi ya fita daga zuciyata, ranar na tsorata.

Maman Sadik: Anti, kamar kin leƙa zuciyata. Jiya wani dattijo ya zo karo na huɗu, na ji kamar in ɓuya.

Ɗan Damagaram: Abin da Anti ta kwatanta sananne ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, da alamomi 3: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin, ƙwazo ya ragu. Ba lalaci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Na faɗi haka don na san za a zo a ce miki mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ɗan Fagge: To ai gaskiya ce, kuma aiki yanzu wuyar samu gare shi. Ban so a zuga ta ta bari.

Anti Bilki: Ba wanda ya ce ta bari. Mai dafa dutse ma sai da itace, in itacen ya ƙare fa? Ƙanwata, ku ukun ku zauna ku rubuta adadin fayil ɗin da ke shigowa a mako, da wanda kuke iya gamawa, da kwanakin da mai neman diyya ke jira yanzu. Kamfani na tsoron ƙorafi ya kai NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya, don haka jinkiri a rubuce ya fi hawaye tasiri. Ku sa hannu tare. Ki duba takardar ɗaukar aikinki ki karɓi hutunki na shekara, kada ki bari a yi ta ɗaga miki shi. In kina cikin ƙungiyar ma'aikatan banki da inshora, NUBIFIE ta ƙananan ma'aikata ko ASSBIFI ta manya, ki sanar da wakilinku.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Shekara biyu rabona da hutu. Gobe in Allah ya kai mu zan yi magana da abokan aikina biyu kafin manaja ya shigo. Malam, in ka yarda zan sa bayaninka na mai ɗaki da kiran maƙwabta a farkon takardar.

Malam na Gumel: Na yarda 'yata. Sai dai ki rubuta shi da ladabi, kuma ki fara nuna wa manajan kafin ta tafi Legas.