Shawarwarin Masu Wasan Dabo Kan Karanta Littattafan Rufa-ido

A tattaunawar da wasu masu wasan dabo suka yi kan cin moriyar littattafan sana'arsu, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne mai koyo ya fara da tsofaffin littattafai, irin su Royal Road to Card Magic na Jean Hugard da Frederick Braue, wanda ya fito a 1948, domin yana koyar da sarrafa kati mataki-mataki, kowane babi yana ɗorawa a kan na baya.

Sun nanata cewa kada a karanta hannu babu komai. A riƙe katin, a bi bayanin layi-layi a gaban madubi har yatsu su saba ɓoye shi ba tare da kafaɗa ta motsa ba. Gargaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne cewa masu koyo sukan tsallake shafukan da ke bayanin abin da za a faɗa, inda za a kalla, da lokacin karkatar da hankalin 'yan kallo, alhali waɗannan ne ke sa dabarar ta ci. Wasu kuma sun ce a riƙa rubuta a gefen shafi abin da ya burge mutane bayan kowane wasa.